Kundin aikin tankin murjani: girman bututun da ke mayar da ruwa sama

11 ga Janairu, 2025

Tankin gilashin ya zauna a kan teburinsa na ƙarfe, kuma ma'aunin ruwa na magina ya nuna cewa babu kusurwar da ta karkata. Tsawonsa santimita 150 ne, faɗinsa 60, zurfinsa 50, wato yana cin lita 450. A cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashinsa akwai tankin ƙasa mai tsawon santimita 100, faɗi 45, tsayi 40, wanda na'urar kumfa mai fitar da datti da sauran kayan tacewa za su zauna a ciki. Ruwa zai riƙa malala daga sama ya sauko ta bututun zubarwa, a tace shi a ƙasa, sannan injin tura ruwa ya mayar da shi inda ya fito. Wannan hanya ta komawa ita ce aikin da ke gabana yanzu, kuma ban yi niyyar sayen ko taku ɗaya na bututu ba sai na san yawan ruwan da zai bi ta cikinsa.

Masu kiwon murjani, wato halittar nan ta teku da ake reno da ranta a cikin tanki, galibi suna son ruwan babban tanki ya zagaya ta tankin ƙasa sau uku zuwa biyar a cikin awa ɗaya. A nawa tankin hakan yana nufin lita 1,350 zuwa 2,250, don haka na tsayar da lita 2,000. Akwai masu ninka wannan adadi da nufin injin ƙasa ya samar da dukkan motsin ruwan da murjani yake bukata, amma ban yarda da wannan hanya ba. Murjani mai tauri irin Acropora da Montipora yana son motsin da ya kai ninki ashirin zuwa hamsin na ruwan tanki a awa ɗaya, domin halitta ce da ba ta tashi daga inda aka ajiye ta, kuma ruwa ne yake kawo mata abinci da iskar shaƙa, shi ne kuma yake share majina da dattin da ke taruwa a jikinta. A tanki mai lita 450 wannan ya kama daga lita 9,000 zuwa 22,500, adadin da babu hikima a bi da shi ta cikin kabad. Wannan aikin ƙananan injinan kaɗa ruwa ne da ake maƙalawa a jikin gilashi daga ciki. Aikin injin ƙasa shi ne kai ruwa wurin tacewa da dawo da shi, kuma idan aka matsa masa fiye da haka, abin da ake samu shi ne ƙara, da ƙananan kumfa da suke tsallakowa sama, da zafin da ruwan ba ya bukata.

19 ga Janairu, 2025

Yau na zauna na yi lissafin abin da injin zai yi fama da shi. Nauyin da ke kansa kashi biyu ne. Na farko shi ne tsayin hawa, wanda ake aunawa daga fuskar ruwan tankin ƙasa zuwa fuskar ruwan tankin sama, ba daga gindin injin ba. A wurina mita 1.1 ne, kuma babu girman bututun da zai rage shi. Na biyu shi ne gogayyar ruwa da bangon bututu, da karowar da yake yi a kowace kwana da kowace matsatsiyar hanya, kuma wannan shi ne wanda yake hannun mai haɗa tanki. Ana ƙididdige shi da mita shi ma, tamkar an ƙara wa injin tsayin da zai hau.

Abin da ake aunawa a nan shi ne faɗin ramin bututu, ba lambar da aka rubuta a jikinsa ba. Bututun roba na PVC da ake kira milimita 20, 25 ko 32 faɗinsa ne daga waje, kuma a irin mai kauri da aka yi wa tambarin PN16 ramin ciki yana kama milimita 17, da 21.2, da 27.2 bi da bi. Idan aka tura lita 2,000 a awa ɗaya, ruwan zai yi gudun mita 2.45 a daƙiƙa cikin na 20, mita 1.57 cikin na 25, sannan mita 0.96 cikin na 32. Masu aikin ruwa sun daɗe suna ba da shawarar kada gudun ruwa a bututun roba ya wuce kimanin mita 1.5 a daƙiƙa, kuma da wannan ma'auni kaɗai na 20 ya fita daga lissafi, na 25 yana bakin iyaka.

Don gano asarar da ke cikin miƙaƙƙen bututu na yi amfani da ƙa'idar lissafi ta Hazen da Williams, injiniyoyi biyu na Amurka da suka fitar da ita a farkon ƙarni na 20, inda ake bai wa PVC lambar santsi 150. Sakamakon ya nuna cewa a kowace mita ɗaya ta bututu ana asarar kimanin santimita 39 a na 20, santimita 13 a na 25, da santimita 4 kacal a na 32. Wannan babban bambanci ya samo asali ne daga yadda asarar take raguwa da faɗin rami ninki-ba-ninki, domin a cikin ƙa'idar an ɗaga faɗin zuwa mataki na 4.87, ta yadda ƙarin milimita shida a rami yake sauke asarar zuwa ƙasa da sulusi. Haka kuma idan aka ninka yawan ruwan sau biyu a bututu ɗaya, asarar ba sau biyu take ninkuwa ba, ta kusa sau huɗu.

Kwanonin bututu, wato elbo, su ma suna da nasu kaso, kuma mutane sun fi mantawa da su. Kowane elbo mai kusurwa 90 yana cin kimanin santimita 28 a bututun 20, santimita 11 a na 25, da santimita 4 a na 32. Hanyar da na zana tana da tsawon mita 2.5 da elbo huɗu, kuma da na tara komai har da asarar bakin fita, gogayya ta kama kimanin mita 2.4 a na 20, mita 0.9 a na 25, da mita 0.3 a na 32. Idan aka ɗora tsayin hawa a kai, injin zai ga mita 3.5, ko 2.0, ko 1.4. Tanki ɗaya ne, tsayi ɗaya, ruwa ɗaya, amma siririn bututun ya ninka aikin injin har sau biyu da rabi.

2 ga Fabrairu, 2025

Injin da na samu mai aiki da wuta ta bolt 24 ne, wanda ake iya rage masa ƙarfi ko ƙarawa daga ɗan akwatin sarrafawa. An rubuta lita 4,000 a jikin kwalinsa, amma wannan adadin da yake turawa ne idan babu tsayi ko bututu a gabansa. Iyakar hawansa mita 4 ce, inda ruwa yake tsayawa cik. Abin dubawa shi ne zanen da ke cikin takardarsa, wanda yake nuna yawan ruwan da yake bayarwa a kowane tsayi. Da na ɗora lissafina a kan zanen, sai na ga cewa da bututun 20 ba zai wuce lita 1,500 ba ko da an buɗe masa ƙarfi gaba ɗaya, da na 25 zai kai lita 2,000 amma sai a ƙarshen ƙarfinsa, da na 32 kuwa zai ba da kusan 2,450, wato zan iya rage shi ya huta kuma in samu abin da nake nema.

Wannan rarar tana da muhimmanci a Kano fiye da yadda take da shi a ƙasashe masu sanyi. Injin da aka nutsar a cikin ruwa kusan dukkan wutar da ya sha tana komawa zafi ne a cikin ruwan, kuma murjani yana son ma'aunin zafi ya tsaya a 25 zuwa 26. Idan ya daɗe a 30 ko sama da haka, sai ya fara korar ƙananan tsiron da ke zaune a cikin namansa suna ciyar da shi, ya yi fari fat. A watan Afrilu, lokacin da zafin gari yake taɓa 40, kowane wat da aka rage daga injin sauƙi ne ga na'urar sanyaya ruwa, kuma sauƙi ne ga batir ɗin inbata a daren da babu wuta. Na zaɓi bututun 32.

Bakin fitar injin kansa ƙarami ne, daidai da bututun 25. Wannan shi ne abin da yake sa mutane da yawa su ci gaba da girman da suka tarar a bakin injin har zuwa sama, alhali bakin gajeriyar hanya ce ta 'yan santimita, kuma babu abin da ya hana a faɗaɗa nan take da ɗan mahaɗi mai buɗewa daga 25 zuwa 32.

15 ga Fabrairu, 2025

Na je Kasuwar Ƙofar Ruwa da ma'aunin kauri a aljihu. A kasuwa da inci ake kiran fayif, kuma mai shagon da na tsaya wurinsa ya ce mini, "Malam, inci ɗaya kake nufi, amma mai kauri ko mara kauri?" Tambayar tana kan hanya, domin fayif biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta a rami gwargwadon kaurin bangonsu, kuma kayan haɗi na tsarin inci ba sa kama bututun tsarin milimita da kyau ko da sun yi kama a ido. Na auna ramin kowanne kafin in biya, na kuma gwada kowane elbo da soket a jikin fayif ɗin a nan shagon, na ɗauki komai daga tsari ɗaya.

Ban ɗauki abin da yake da tagulla ko farin ƙarfe mai tsatsa ba, ko da a cikin bawul ne. Tagulla guba ce ga murjani da jatan lande da dodon koɗi ko da kaɗan ce ta narke, ruwan gishiri kuma yana cin ta. Dukkan bawul ɗin na roba ne masu yuniyon a ɓangarorin biyu, don a iya kwance inji a wanke shi ba tare da an yanka bututu ba. A wurare biyu na sauya elbo mai kusurwa 90 da mai 45, wanda asararsa ba ta kai rabin ta wancan ba.

23 ga Fabrairu, 2025

Kafin in shafa gam na koma kan bututun zubarwa, domin duk abin da injin ya tura sama dole ne ya samu hanyar saukowa, kuma idan hanyar saukowa ta gaza, ƙasan ɗaki ne zai karɓi sauran. Na bi tsarin bututu uku da aka fi sani da BeanAnimal. Na farko yana cike da ruwa babu iska, yana zuƙo ruwan ƙasa da nauyinsa, kuma shi ne yake ɗaukar kusan dukkan ruwan. Na biyu yana karɓar ɗan abin da ya rage yana silalowa ta bangonsa. Na uku a bushe yake, yana jiran ranar da wani abu zai toshe na farko.

Abin da ya ja hankalina a nan shi ne cewa bututun zuƙowar bai kamata ya yi faɗi kamar na komawa ba. Lissafi ya nuna cewa na 25, da saukar mita 1.1, zai iya ɗaukar kimanin lita 2,600 a awa, na 32 kuwa fiye da 4,000. Idan bututun zuƙowa ya fi ruwan da ake ba shi girma sosai, sai an kusa rufe bawul ɗinsa kafin ya daidaita, kuma yakan daɗe bai kori iskar da ke cikinsa ba a duk lokacin da injin ya tashi. Saboda haka na sa 25 a na farko, tare da bawul mai murɗawa a hankali wanda ake iya saita shi ɗan kaɗan-kaɗan, na sa 32 a sauran biyun. An huda gilashin akwatin malala, wato ɗan akwatin da ruwan sama yake malalawa ciki kafin ya shiga bututun zubarwa, tun kafin a kawo tankin, domin gilashin da aka gasa ba ya huduwa, tarwatsewa yake yi.

9 ga Maris, 2025

An haɗa hanyar komawa. Daga bakin injin akwai ɗan guntun tiyo mai laushi da zai shanye rawar injin kada ta bi bututu ta koma gunji a jikin kabad. Na zaɓi tiyo mai faɗi, saboda haƙorin da ake cusawa a cikin tiyo yana rage rami, kuma matsatsi guda ɗaya a farkon hanya ya isa ya cinye ribar da aka samu daga faɗaɗa sauran. Daga nan sai yuniyon, sai bawul, sai bututun 32 ya hau bayan tanki har zuwa tsakiyar tsawonsa, inda ya rabu gida biyu daidai wa daida. Kowane reshe na 25 ne, domin lita 1,000 kawai yake ɗauka, gudunsa kuma bai kai mita 0.8 a daƙiƙa ba.

Bakin fita ya ɗauki tunani fiye da yadda girmansa yake nunawa. Ana yawan amfani da baki mai gaɓoɓi irin na Loc-Line, wanda ake lanƙwasawa a nufi duk inda ake so. Idan aka bi da lita 2,000 ta baki ɗaya mai rabin inci, ruwan zai fito da gudun fiye da mita 4 a daƙiƙa, kuma wannan kaɗai yana cin kusan mita ɗaya na ƙarfin injin, wato ninki uku na asarar dukkan bututun 32 da ke bayansa. Tamkar a shimfiɗa babban titi ne sannan a ƙare shi da ƙofar da mutum ɗaya kawai ke iya wucewa. Da baki biyu masu kashi uku cikin huɗu na inci, asarar ta sauko zuwa kimanin santimita 5. Tsananin feshi ma ba alheri ba ne ga murjanin da ke gabansa, domin yana iya saɓule masa nama daga ƙashi.

Reshen da na yi tunanin cirewa don na'urar sanyaya ruwa na fasa shi. Na'urar tana da nata adadin ruwan da take so, kuma duk lokacin da aka taɓa bawul ɗin reshen sai ruwan da ke hawa sama ya canja, sai an sake saita bututun zuƙowa. Ƙaramin inji na daban zai yi mata hidima daga tankin ƙasa. Na bar gam ɗin ya bushe na tsawon awa 24 kafin ruwa ya taɓa shi.

22 ga Maris, 2025

An yi gwajin farko da ruwan daɗi, ba tare da gishiri ba, don idan akwai yoyo kada a yi asarar gishiri mai tsada. Babu haɗin da ya ɗiga. Don auna ruwan na tara abin da ke saukowa daga bututun zubarwa a bokiti mai alamar lita 10, ina duba agogo. Da injin yake a cikakken ƙarfinsa bokitin ya cika a daƙiƙa 15 da rabi, wato kimanin lita 2,300 a awa, ɗan ƙasa da lita 2,450 da lissafi ya nuna, kuma ina ganin tiyon farko da mararrabar reshe biyun ne suka ci bambancin. Na yi ta rage ƙarfin har bokitin ya koma cika a daƙiƙa 18, wanda shi ne lita 2,000 daidai. A wannan matsayi ba a jin motsin injin sai an buɗe kabad.

Daga nan na rufe bawul ɗin bututun zuƙowa gaba ɗaya, na kuma toshe na biyu da hannu, na buɗe wa injin dukkan ƙarfinsa. Ruwan akwatin malala ya hau, bututu na uku ya kama da babbar ƙara, ya ɗauke komai, ruwan bai kai leɓen gilashi ba.

Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne na ɗaukewar wuta. Idan injin ya tsaya, bututun komawa yakan juye ya zama mai zuƙowa, ya riƙa janyo ruwan sama zuwa ƙasa har sai bakin fitar ya shaƙi iska. Fuskar babban tankin santimita 150 ce sau 60, don haka kowace santimita ɗaya da ruwan ya sauka lita 9 ce. Bakunan suna santimita 3 a ƙarƙashin fuskar ruwa, wato lita 27, kuma da abin da ke cikin bututu da akwatin malala jimillar ta haura lita 30 kaɗan. A tankin ƙasa kowace santimita lita 4.5 ce, kuma ruwan ya hau santimita 7 ya tsaya, ya bar sarari na santimita 11 kafin baki. Ban sa bawul mai hana ruwa komawa ba, kuma ba zan sa ba. A ruwan gishiri ƙananan tsutsotsi masu gidan alli da soso suna tsirowa a cikin bututu, kuma ƙwaya ɗaya a kan leɓen bawul ɗin ta isa ta hana shi rufuwa, a daidai daren da babu mai kallo. Na huda ɗan rami na milimita 3 a kowane reshe dab da fuskar ruwa don ya karya zuƙowar da wuri, amma shi ma yana iya toshewa, shi ya sa na dogara da zurfin bakunan da sararin tankin ƙasa, waɗanda babu abin da zai canja su.

6 ga Afrilu, 2025

An zubar da ruwan gwaji, an cika tankin da tataccen ruwa, an narkar da gishiri har ya kai giram 35 a kowane kilo na ruwa, inda ma'aunin nauyi ya nuna 1.026. Ruwan gishiri ya ɗan fi ruwan daɗi nauyi da kauri, kuma na ƙara wa injin mataki ɗaya kafin bokitin ya koma daƙiƙa 18. Bututun zuƙowa ya bukaci a ɗan buɗe bawul ɗinsa. Duwatsu sun shiga, injinan kaɗa ruwa biyu suna aiki a gefe da gefe, amma babu murjani tukuna sai ƙwayoyin halitta masu narkar da datti sun kafu.

Abu ɗaya da nake sa wa ido shi ne ɗakin injin a tankin ƙasa, domin a nan ne duk ruwan da zafi ya busar yake bayyana. Idan ya sauka, tsayin hawa yana ƙaruwa, gishiri yana ƙaruwa, kuma injin yana iya fara shaƙar iska. Na'urar da za ta riƙa cike gurbin da tataccen ruwa ita ce aiki na gaba, tare da haɗa na'urar sanyaya ruwa kafin zafin wannan wata ya kai ƙarshensa. Na rubuta daƙiƙa 18 da matakin da injin yake a jikin ƙofar kabad. Zan maimaita gwajin bokiti a farkon kowane wata, domin yauƙi da alli za su fara taruwa a cikin bututu da kan farfelar injin, kuma idan lokacin ya kai daƙiƙa 21 a wannan mataki, zan kwance yuniyon in jiƙa injin a ruwan tsami na sitirik kafin in yi tunanin ƙara masa ƙarfi.